Ragon Zara'u da Ƙofar Na Allah

"Ku juya," in ji Zara'u, mabuɗi a hannunta. "Ku duka ukun. Kowa shi dubi bango."

Suka juya. Na Allah, mijinta, ya juya yana gunaguni, wai a cikin gidansa, da hantsi tsaka, an mai da shi ɗan makaranta mai laifi. Mansura, 'yarsu ta biyu, wadda ke aikin ungozoma a asibitin Kona, ta juya tana cizon leɓe kada dariya ta kuɓuce mata. Bello mai amalanken jaki kuwa, da aka kira ya ɗauki kaya zuwa Tasawa, har hula ya ja ya rufe ido, don shi burinsa a gama a kama hanya kafin rana ta yi zafi.

Zara'u ta buɗe kwaɗon ɗakin ajiya, ta ɗaga labulen buhu, ta shiga duhun da ta saba da shi.

Shekara biyu ke nan ragon yana cikin ɗakin nan, kuma duk Garin Marwa ba wanda ya sa shi a ido sai ita. Sabiru, ɗanta na fari, shi ya kawo shi yana jariri, uwarsa ta mutu a hanyar kasuwa, zawo ya tsotse shi, ƙafafunsa na harɗewa. Ya ajiye shi bakin madafa ya ce in ya rayu, na sunan ɗansa ne. A lokacin ko budurwa ba shi da ita, kowa ya yi dariya. Zara'u ba ta yi ba. Ta raɗa masa suna Maraya, ta shayar da shi nonon akuya a kwalbar magani, ta kulle shi saboda bakin mutane, don ta ga kambun baka ya kayar da abin da ya fi wannan ƙwari. Da watanni suka tura sai kullewar ta koma ta kunya, domin Maraya ya ƙi girma.

Haka ta gani, kuma ba ta nemi idon kowa ya taya ta ba. Ta ba shi dusa, ta ba shi harawa da kowar wake da tunkuza da kanwa, har furar da aka rage. Kullum da safe sai ta durƙusa ta lalube shi, kuma mai neman ƙashi a jikin dabba ba ya rasawa. Ita fa ta san rago. Ta ga ragon layyar babanta tana yarinya, wanda sai ta ɗaga kai take ganin hancinsa, kuma tun daga ranar duk ragon da ba ta ɗaga wa kai ba ɗan tunkiya ne a wurinta. Maraya kuwa sunkuyawa take yi ta dube shi.

Yanzu ga shi Rukaiya, matar Sabiru, ta haihu a gidan iyayenta, gobe suna, kuma a rugar ubanta Gidaɗo za a yanka ragon. Gidaɗo mutum ne da ke hango tunkiya daga nesa ya faɗi abin da ta ci jiya. An taɓa kawo wa Zara'u labari cewa lokacin neman auren ya ce manomi in ya yi kiwo kaza ce, ita ma shaho ke taya shi. Wannan magana ta kwana a ranta ta wuni, ta shekara. Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya kuwa shi ne ɗan nata, Sabiru, shi kansa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda uwarta ba ta kira na ɗanta na fari ba. "Wancan" take cewa. In ya shigo gaisuwa, ƙwaryar da ke gabanta take kallo, ko ƙafafunsa, su ma ta lura yana son takalman da suka fi ƙarfinsa. Rabon da ta ƙare wa fuskarsa kallo tun yana shekara huɗu, da baƙon dauro ya kwantar da shi har aka fid da rai, ta zauna kwana tara haƙarƙarinsa na motsi a ƙarƙashin tafinta. Tun daga nan ta san ba mai ƙwari ba ne. Ya je Agadas yana aikin walda, tana aika masa da ƙuli-ƙuli don kada iska ta ɗauke shi. To a ce gobe ya tsaya tsakiyar dogayen Fulanin nan, ga ramammen rago a gefensa, wani ya ce rago ya yi kama da mai shi? Gara ƙasa ta tsage ta shige.

Shi ya sa ta yanke shawara. Yau Lahadi, kasuwar Tasawa na ci. Za a lulluɓe Maraya a amalanke, a haɗa da awakinta biyu, a yi musaya da ragon da za a iya fita da shi gaban mutane, kafin motar Agadas ta sauke wancan.

Masu kallon bango suka ji ta ce, "Taho, ɗan marayana, taho a hankali kada ka hwaɗi." Suka ji takun kofato. Suka ji wani abu ya ce gib, ƙasa ta zubo daga bango. Sai nishi, nata da wani mai kauri da ba nata ba. Aka yi shiru, aka sake gib.

"Malam," in ji Zara'u tana haki, "ƙohwarka ta tsuke."

A nan haƙurin Na Allah ya ƙare. A taɓa gemunsa ya yafe, amma ban da gininsa. Shi ya kwaɓa ƙasar ɗakin nan, shi ya ɗora tubali, shi ya matse ƙofar da gangan saboda ɓarayi, kuma shekara ashirin da biyu yana nuna wa baƙi ita.

"Ƙohwata? Da mi ta tsuke, rama take yi ko kumburi? Buhun hatsi ke shiga nan shi hita, ke kanki..."

Ya juyo.

Daga cikin ƙofar wani farin kai ya fito, da ƙaton hanci lanƙwasasshe da kunnuwa suna lilo, sai wuya mai ninki uku, sai kafaɗu da suka cika ƙofar dam, bango zuwa bango, ko allura ba ta samun hanya. Dabbar na tauna wani abu cikin kwanciyar hankali.

"Zara'u," in ji Na Allah a hankali, "ina ragon? Wanga ai maraƙi ne."

Mansura ta juyo, ta dafe ƙirji, ta zauna a kan turmi. Bello ya ɗaga hula, ya dubi ragon, ya leƙa waje ya dubi jakinsa, ya sake duban ragon.

"Inna," ya ce, "jakina hwa shina da iyali."

Mansura ce ta fara, dariyar da take dannewa tun asuba ta ɓalle har da hawaye. Ita aikinta awon jarirai ne, idonta ya zama sikeli. "Inna, wallahi wanga ya kai kilo ɗari. Cent kilos. Ko balans ɗinmu ta asibiti ta gan shi sai ta nemi hutu."

Na Allah bai yi dariya ba tukuna. Yana kallon ragon ne da idon wanda ya gano ɓarawonsa. Kaka biyu a jere harawarsa na ƙarewa kafin bazara. Ya zargi gara, ya zargi awakin unguwa, ya yi wata uku ba ya gaisawa da maƙwabcinsa Muddassir.

"Ashe ga harawata nan tsaye da ƙahwa huɗu," ya ce. "Yau ina da haƙurin da zan ba Muddassir."

Zara'u ta dube su ɗaya bayan ɗaya, idonta ya cika. Ta san gatse in ta ji shi. Maraƙi, kilo ɗari, jaki mai iyali, duk ba'a ce, kuma daga mutanen gidanta, waɗanda ya kamata su rufa mata asiri. Ranta ya ɓaci sosai.

"Ku yi dariyarku. Gashi ne ya ruɗe ku, ba ku san dabba ba." Ta fizgo hannun mijinta ta ɗora a gwiwar ragon. "Taɓa nan. Mi ka ji?"

"Ƙashi."

"To."

"Zara'u, ko giwa ka taɓa wa gwiwa ƙashi za ka ji."

Dariya ba ta da shinge. Kafin a ce kwabo kawunan mata sun jeru a bisa danga, sannan suka zagayo ta zaure, da masu goyo da masu muciya a hannu, maza na biye. Abin da Zara'u ta yi shekara biyu tana gudu ya cika mata gida a ɗan lokaci. Tubarkalla ta riƙa zuba ta ko'ina, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, kuma kowace tubarkalla Zara'u ta ji ta kamar ta'aziyya. Ta ruga ɗaki ta ɗauko zanen da ta tanada don lulluɓi ta yafa masa. Zanen ya rufe kai da rabin wuya ya tsaya. Ta ja nan, can ya buɗe.

"Atamhwar zamani," ta ce cikin takaici. "Wanki ɗaya ta shige."

Aka shiga shawara, kowa da tasa. Wani ya ce a bar shi kwana uku ba ci, Zara'u ta yi masa kallon da ya sa ya koma bayan mutane. Wani ya ce a yanka shi a nan, aka tuna masa ragon suna ba ya riga sunan. Muddassir, da ya riga ya ji labarin harawa yana ta washe baki, ya ce a fasa bango.

"Ba mai taɓa mani gini," in ji Na Allah. "Yadda ya shiga haka za shi hita."

"Baba, da ya shiga ai cikin zane aka rungumo shi," in ji Mansura. Ta miƙe ta ɗaure ɗankwali, ta naɗe hannun riga, muryar aiki ta zo mata. "Ku ba ni wuri. Ni na san wanga aiki. Kai ya riga ya hito, saura kahwaɗa. A kawo man gyaɗa."

Aka kawo. Ta shafe kafaɗun ragon da gefen ƙofa, ta sa aka tura shi baya da ƙyar, ta ce ana bukatar siririn mutum ya shiga ya turo daga ciki. Duk idanu suka koma kan Na Allah, wanda tun yana saurayi ake kiransa karan dawa. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Bello, ya shige. Mansura ta karkata kan ragon, ta sa kafaɗa ɗaya gaba, Bello da Muddassir suka kama igiya.

"In na ce tura, ka tura, Baba. Kada ka yi numhwashi. Allez, poussez."

Matan da suka taɓa haihuwa a hannunta suka gane muryar, suka zube ƙasa don dariya. Wata ta ce yau ɗakin Na Allah ke naƙuda, maganar ta zagaya gida ta fita waje. Aka ja, aka tura. Kafaɗa ɗaya ta fito, ta biyu ta biyo, aka yi sowa. Sai ciki ya iso ƙofa. Nan Maraya ya tsaya, gaba ta ƙi, baya ta ƙi, ya ga mutane sun yi yawa, ya kafe ƙafafu ya ci gaba da tauna.

"Ku mai da shi baya in hita," in ji muryar Na Allah daga ciki.

Aka gwada, ko motsi.

Mansura ta share gumi ta dubi uwarta. "Inna, a asibiti in abu ya kai haka, sai opérasiyon."

"Ba mai taɓa mani gini," in ji muryar, amma ba ta kai ƙarfin ta ɗazu ba, don ɗakin ba taga, kuma wanda ke bayan rago ya san abin da yake shaƙa.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure, sallama mai sanyi ta mutumin da ba ya son a san ya zo. Mutane suka dare. Gidaɗo ne, dogo, da malafa da sanda a kafaɗa, yana jan wani rago ɗan Uda, gabansa ja bayansa fari. Ya zaɓi hantsin ranar kasuwa don ya tarar da gida ba kowa, sai ya tarar da rabin gari.

Zara'u ta zabura. Ta yi maza ta tsaya gaban ƙofar ɗakin ta baza mayafinta da hannu biyu, kamar mai shanya. Aka gaisa, aka tambayi mai jego da jariri da shanu. Gidaɗo ya tambayi maigida.

"Lahiya lau, Malam Gidaɗo, sannu da zuwa," in ji bango. "Ka yi haƙuri ban taso ba."

Gidaɗo ya dubi bangon, ya ga ba huruminsa ba ne, ya amsa da ladabi. Sannan ya matso kusa da Zara'u ya rage murya.

"Uwar Mansura, magana ce ƙarama. Mun ji shekara biyu ana ɓoyon rago, mun ce wataƙila kiwon bai karɓa ba. Dabba haka take, ba laihin kowa ba ne. Yanzu mun zama ɗaya, kunyarku tamu ce. Ga wanga, ku taho da shi gobe a matsayin naku. Daga ni sai Allah."

Maganar ta soke ta, ta kuma sanyaya mata rai, duka a lokaci guda. Ta dubi ɗan Udan, yana tsaye cikin rana, gashinsa na sheƙi, ƙirjinsa a buɗe. Wannan shi ne rago. Ga mafita har gida, ba Tasawa, ba musaya, kuma wancan zai tsaya gobe ba a yi masa dariya ba. Abin da zai ci kawai shi ne ta yarda a gaban Gidaɗo cewa manomi kaza ce iyakarsa. Ta sunkuyar da kai.

"Mun gode, Malam Gidaɗo. Allah shi bar zumunci. Na yi iyakar yi na, Allah bai..."

Sai Maraya ya yi kuka daga bayanta. Kuka ɗaya, mai kauri, wanda ya sa ɗan Udan ya ja da baya har igiya ta miƙe. Gidaɗo ya karkata kai. Kunnen da ya yi shekara sittin cikin garke ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya taka gefe guda ya leƙa bayan mayafin.

Ya ƙura wa ragon ido. Ya cire malafa. Ya jingine sanda, ya tsuguna, ya buɗe bakin ragon ya dubi haƙora, ya shafa wuya, ya danna yatsa a gadon baya yatsan ya nutse.

"Wa ya yi kiwon wanga?"

"Ni ce," in ji Zara'u, kanta a ƙasa. "Ba shi da ci ne. Sau biyar kawai nike ba shi a wuni, shi ma sai da lallashi."

Kowa ya san dattijon Bafillace ba ya buɗe baki ya yi dariya gaban surukai. Gidaɗo ya yi ƙoƙari. Ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suka fara rawa, sannan abin ya fi ƙarfinsa ya zauna daɓas a ƙasa yana bugun cinya. Gida ya sake rikicewa.

"Kara kake yi mani," in ji Zara'u. "Na gode, amma ni na san rago. Da ka ga na babana, wanda sai na ɗaga kai..."

"Wane na Baba?" in ji bango. Na Allah ɗan wan babanta ne, a gida ɗaya suka tashi. "Mai baƙin kunne? Ni kaɗai na kayar da shi ranar layya, ina ɗan shekara goma sha huɗu. Ke kina ɗiyar shekara biyar, zakara ma ɗaga mishi kai kike yi. Shekara talatin kina ba ni labarin ragon nan, ban san da shi kike awo ba. Muddassir, kana nan?"

"Ina nan."

"Ɗauko gatari. Ta hannun dama, tubali uku, kada ka wuce uku."

Sai da aka cire bakwai. Da na bakwai ya faɗi, Maraya ya girgiza, ya tako waje a hankali, ƙasa na zuba daga bayansa, Na Allah na biye da shi fari fat kamar an tono shi. Ragon ya tsaya yana ƙifta ido, don rabonsa da rana tun yana shan kwalba. Ya hango ɗan'uwansa, ya taka ya je ya tsaya a gefensa yana sunsuna shi.

Nan ne Zara'u ta tsaya ta ƙura ido. Ba ta taɓa ganin Maraya kusa da wata dabba ba, ba ta taɓa ganinsa daga nesa ba, ba ta taɓa ganinsa duka a lokaci ɗaya ba. Ɗan Udan, ragon gaske na ɗazu, gadon bayansa bai wuce tsakiyar haƙarƙarin Maraya ba. Ta murza ido. Ta zagaya ta ɗaya gefen ko ƙasar ce ke da tudu. Ba tudu.

"Malam Gidaɗo," ta ce, "ɗazu naka ya hi haka."

"Shi ne dai, ban canza shi ba." Yana share hawaye da rawani. "Ku Hausawa kuka ce, ido wa ka raina?"

"Wanda nike gani kullum," mata suka amsa baki ɗaya.

Abin ya taso mata daga ciki kamar tafasar tukunya. Ta fara da murmushi, ta rufe baki, sai ga Zara'u, mace mai jika, wadda ba a taɓa jin muryarta a bayan danga ba, tana tafi tana juyi tsakar gida, mayafi na faɗuwa. Ta rungumi wuyan ragon hannunta bai haɗu ba, ta sake fashewa da dariya. Aka buga mata ƙwarya, aka yi guɗa. Farin ciki ya sa ta har ƙarya.

"Ni dama na sani," ta ce. "Gwada ku nike yi."

Ba wanda ya ƙaryata ta, sai Na Allah da ya buɗe baki, ƙura ta sa shi tari. Gidaɗo ya ce gobe zai tara 'ya'yansa maza su zauna ta karanta musu kiwo, kuma maganar kaza, in ta taɓa zuwa kunnenta, ya janye ta da shahonta duka. Zara'u ta ce ba ta taɓa ji ba. A tsakiyar murnar ta tuna gobe war haka babu Maraya, kuma yau ce ranar farko da ta gan shi. Ta ji zafin abin, ta shafa masa goshi, ta je ta kawo masa dusa.

Tafiya Tasawa ta faɗi. Saura kai shi ruga, kuma Gidaɗo ya ce dabbar da ba ta taɓa tafiya ba ba za a kora ta a ƙasa ba. Bello ya shigo da amalanke ta ƙofar baya bayan an yi masa alkawarin kowa zai tura a wurin rairayi. Bayan azahar maza huɗu suka kewaye ragon, suka ɗaga gaba suka ɗora, baya ya gagara. Suna ta ɗaya, biyu, uku, ba abin da ya tashi sai ƙura.

Ƙarar mota ta tsaya a waje. Aka yi sallama, Mansura ta ce, "Ga Yaya," ta ruga. Zara'u ta yi abin da ta saba yi shekara da shekaru, ta zauna ta jawo ƙwarya gabanta ta sa ido a ciki. Ta ji wani ƙum a ƙofar zaure, ta ji ya ce wash, mata suka yi dariya. Ga takalman nan sun iso, sun tsaya nesa kaɗan, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa wa ƙwarya, gajeriyar amsa, yadda ya kamata.

"Wanga ne ɗan abin da na kawo?" ta ji ya ce. Aka shiga ba shi labari mutum goma a lokaci ɗaya. Ya yi dariya, ya ce su matsa. Takalman suka je bayan amalanke suka kafu a ƙasa. Ta ji nishi ɗaya, katako ya yi ƙara, jaki ya yi kuka, mutane suka yi sowa.

Idon da ya sha kunya da safe bai da sauran taurin kai. Kowa na kallon amalanke, ba mai kallonta. Ta ɗaga ido daga takalman, ta ga sun cika da ƙafa har suna neman yagewa. Ta hau gwiwa, ta hau ƙugu, tafiyar ta yi nisa. Ta wuce wani faffaɗan baya da riga ta jiƙe a kansa, da damatsan da suka ɗaga rabin Maraya su kaɗai. Sai da ta ɗaga kai sosai, har ɗankwalinta ya zame, sannan ta kai ga fuska, da gemu, da ɗan kumburi a goshi inda ƙofar zaure ta gaishe shi. Gidaɗo na tsaye kusa da shi yana yi masa magana, shi ma sama yake kallo.

Ta mai da ido cikin ƙwarya da sauri. Ƙwaryar ta yi mata hazo-hazo.

Da amalanke ta fita, gari ya bi ta da tafi, gida ya rage daga ita sai Na Allah. Yana tsaye gaban ɓaraguzan ƙofarsa yana auna ɓarnar da taƙi, yana ƙunƙuni a kan mutanen da ba su san bambancin uku da bakwai ba.

"Malam."

"Na'am."

"In ka tashi kwaɓa ƙasa, ka kwaɓa da yawa. Ka ɗaga ta zaure ma."

Ya juyo. "Ita kuma mi ta yi?"

Zara'u ta miƙe ta ɗauki ƙwaryarta, ta gyara ɗankwali.

"Ita ma ta hwara tsukewa," ta ce, ta shige madafa.